Filin Tsakiyar Gida Takwas

Ku da kuke zaune a kan bencin nan kuna latsa waya, na san abin da kuke faɗa idan na tashi. Kuna cewa dillancin fili ba sana'a ba ce, baki ne kawai: ka haɗa mai saye da mai sayarwa, a yi addu'a, ka karɓi la'ada ka wuce. Ɗayanku ma ya ce shi ba sai ya koya ba, hoton fili zai ɗauka ya tura wa mutane. To, ku gyara zama. Ban ce ku ajiye wayar ba, ni ma ina da ita.

Sunana Bawa, mutumin Fagada. Na shigo Jega da mata da 'ya ɗaya, bayan gonar gado ta yi mana kaɗan mu da 'yan'uwana. Wanda ya koya mini aiki shi ne Baba Ango, Allah ya jiƙansa, dattijo ne mai ƙarancin magana da ke zama a bakin kasuwa kusa da masu sayar da igiya. Aikina na farko a hannunsa shi ne riƙe bakin igiya. An kira shi wata gona a bayan gari da magada ke so a yanka ta filaye. Ya miƙa mini igiyar, ya ce in tsaya a gindin wata aduwa, kada in motsa, kada in yi magana. Na tsaya har inuwar ta bar ni. A hanyar dawowa ya tambaye ni wa ya fi kowa surutu cikin magadan. Na ce babban wansu. Ya ce wa ya yi shiru. Na ce wata tsohuwa da ta zauna a kan kunya tana ɓare gyaɗa. Ya ce to gobe gidanta za mu fara zuwa. Abin da aka koya mini ke nan a ranar, kuma ba a ƙara mini bayani ba.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Igiya, turaku, guduma, sai goro a aljihu saboda mai unguwa. Igiyar kaba tana ƙara tsawo idan ta tsufa, tana takurewa idan ta jiƙe, shi ya sa mai saye ke son tsohuwa, mai sayarwa kuma ke son a yi awo da sassafe cikin raɓa. Baba Ango yana da sandar da yake gwada igiyarsa da ita a gaban kowa kafin a fara. Daga baya tif na awo ya zo, aka daina wannan gardama aka koma wata. Turke kuma yana tafiya. Ka kafa shi yau, ka dawo bayan damina ka tarar ya matsa, kuma kullum wajen gonar maƙwabci yake matsawa, ban taɓa ganin wanda ya matsa ciki ba. Da aka fara zuba siminti a kusurwa sai tafiyar ta ragu. Ban ce ta ƙare ba.

Masu saye kuma kowa da halinsa. Manomin albasa na Aliero yana zuwa ne bayan ya sayar da kaya, da zafinsa, yana son filin kwana, wato na kusurwar hanya, yana son a gama yau. Direba ba ya kallon filin, hanyar shiga yake kallo. Mutumin Maiyama ba ya gaggawa. Akwai wani daga Karaye da ya riƙa zuwa kallon fili ɗaya damina bayan damina don ya ga inda ruwa ke kwanciya, har mai filin ya mutu, muka ƙarasa cinikin da 'ya'yansa.

Amma aikin da nake so ku ji shi ne na Gida Takwas a Aliero, domin irinsa ne za ku riƙa haɗuwa da shi yanzu da gine-gine suka canza.

Wani ɗan kwangila ne ya gina gidaje takwas iri ɗaya cikin katanga ɗaya, da ƙofar shiga ɗaya, don ya ba ma'aikatan jami'a haya. Daga baya ya gaji, ya sayar da su ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya samu gidansa da takardarsa. A tsakiya akwai fili mai faɗi, da rijiya, da darbejiya biyu, da hanyar mota. Takardar kowa ta ce wannan filin na masu gidajen ne gaba ɗaya, yana bin gida, ba a raba shi da shi.

Alhaji Lawali, babban mai sayen albasa, shi ke da gida biyu a ciki. Wata shekara da kaya suka yi albarka ya aiko a kira ni. Na same shi tsaye a kusurwar gabas ta filin, hannu a baya. Ya ce rudu yake so ya kafa a nan, wato rumfunan kara da ake ɗaga su daga ƙasa a adana albasa har ta yi tsada. Waɗanda yake da su a gona ɓarayi sun dame su, yana son kayansa inda zai gan su daga tagarsa.

"Gida biyu cikin takwas nawa na," in ji shi. "Ke nan kashi ɗaya cikin huɗu na hilin ga nawa na. Ɗauko igiyarka ka hid da min shi."

Na ce masa rabonsa yana nan, ba wanda ya hana, amma ba a nuna shi da yatsa. Kamar ruwan rijiyar can ne, yana da haƙƙi a ciki, amma ba zai ce guga ta farko tasa ba ce ta biyu ta maƙwabci.

Ya buga ƙafa a ƙasa. "Nan fa?"

"Nan ma da sauran a ciki, Alhaji."

Ya matsa gaba kaɗan ya sake bugawa. "Nan fa?"

"Nan ma."

Ya zagaya kusan rabin filin yana buga ƙafa ina bin sa. Da ya gaji ya tambaye ni to mene ne amfanina. Na ce rabawa dai ba ta yiwuwa, amma haya tana yiwuwa, idan kowane mai gida ya yarda a ba shi kusurwar na lokacin ajiya, abin da zai biya kuma a zuba shi a gyaran ƙofa da rijiya. Ya ce in je in yi, aikin yini ɗaya ne.

Aikin ya ci mini sauran rani. Direban da ke gida na uku ya ce shi ba ruwansa, a bar masa inda zai juya mota kawai. Na kafa turaku na wucin gadi, ya shiga motar ya juya, ya take biyu, na matsar da su. Mahaucin da ke kusa da ƙofa ya yarda tun ban rufe baki ba, daga baya na gane yana da niyyar ɗaure raguna a ɗaya kusurwar, sai da na gaya masa shi ma sai an yi masa irin wannan zagayen. Ma'aikaciyar asibitin da ke wani gidan ta ce a nisanta rudun da rijiya. Malamin jami'a ya zaunar da ni a kujera, ya ba ni ruwan sanyi, ya yi tambayar da ba wanda ya yi: idan albasar ta ruɓe fa? Na ce Alhaji tun yana saurayi yake ajiya. Ya ce ya sani, amma a rubuta cewa idan ta cutar da mutane za a kwashe. Na ce za a rubuta. Gida na shida kuwa mai shi ya rasu, magada ne. Wasu suna Jiga Birni, wata tana aure a Karaye, wani yana kudu yana sayar da tumatir. Na hau babur na bi su ɗaya ɗaya. Na kudun ta waya muka yi, ya ce ya yarda, amma sai na tabbatar masa ƙanwarsa ba ta riga shi yarda ba.

Saura gida ɗaya, na ƙarshe a jerin gabas. Malam Isa ne a ciki, tsohon tela wanda idanunsa suka mutu da girma, da matarsa Inna Hassi. Na yi sallama, muka gaisa da Malam a kan tabarma, na yi masa bayani. Ya ce ba komai, Alhaji maƙwabci ne, a ba shi.

Daga bayan labule Inna Hassi ta ce, "Ba a ba shi ba."

Ashe gidan nata ne. Gonar gadonta ta Maiyama ta sayar ta saya, sunanta ne a takarda. Na tambaye ta dalili cikin ladabi, ta ce ba ta da dalili, ba ta dai yarda ba. Malam ya ce mata haba Hassi, ta ce masa fura tana nan idan zai sha.

Alhaji ya aika mata da kwandon albasa. Ta karɓa, ta yi godiya, ta ce a gaya masa ba ta yarda ba. Ya aika matarsa, suka yi hira har rana ta karkata, ta rako ta bakin ƙofa, ta ce a gaida Alhaji, ba ta yarda ba. Ran nan Alhaji ya tare ni da faɗa, ya ce gida bakwai sun yarda, ɗaya ne ya ƙi, a ko'ina cikin duniya bakwai ta fi ɗaya. Na ce masa wannan ba zaɓe ba ne. Ko da mutum ɗari suka yarda, ba za su ba da hayar abin da na ɗari da ɗaya ke da haƙƙi a ciki ba. Ya ce zai nemi wani dillali. Na ce ya nema, amma Inna Hassi dai ita ce zai tarar.

Wata rana ina zaune a gindin darbejiya ina jiran direban, aka kira la'asar. Sai ga Malam Isa ya fito daga gida, ba sanda, ba ɗan jagora. Ya ɗora hannun dama a jikin katanga ya bi ta, ya karya kwana a kusurwar gabas, ya miƙe har bakin ƙofa, ya fita masallaci. Tafiyarsa ba ta nuna ba ya gani. Da ya wuce na tashi na duba bangon. Akwai wani layi mai duhu, sumul, daidai tsayin hannunsa, daga ƙofar gidansa har ƙofar fita. Rudun Alhaji a jikin wannan bangon za su jingina.

Na je na tsaya a bakin madafin Inna Hassi, na rage murya. Na ce, "Inna, in an bar ma Malam bangonshi fa?"

Ta ci gaba da juya tuwo. Sannan ta ce tun da idanunsa suka tafi bai yarda wani ya riƙe masa hannu ba, ko jikansa. Ranar da ya rasa wannan bangon, ranar zai daina fita, ta san halinsa. "Amma shi bai san don shi na ba," in ji ta. "Kada ya ji."

Na koma wa Alhaji na ce an yarda, da sharaɗin rudun su bar jikin katanga, a bar lungu a bayansu. Ya tambayi dalili. Na ce albasa tana son iska ta kowane gefe, wanda kuma gaskiya ne. Ya ce wurin rudu ɗaya cur zai rasa. Na ce ko ya rasa ɗaya ko ya rasa duka. Da muka zo awon lungun ban yi amfani da tif ba. Mahaucin na kira, domin ya fi kowa faɗi a gidan, na ce ya wuce ta ciki. Inda ya wuce bai goga ba, nan na kafa turke.

Aka taru gaban mai unguwa da liman, aka karanta abin da aka rubuta, kowa ya sa hannu, aka shafa fatiha. Shekarar farko komai ya tafi daidai. Aka gyara ƙofa, aka yi wa rijiya murfi, matan gidan ba wadda ta sayi albasa a kasuwa. Malam Isa yana bin lungunsa sau biyar a rana, ana jin sallamarsa daga bayan kara.

Shekara ta biyu ita ce mummunar shekarar. Cuta ta kama albasa tun a gona, ba a gane ba sai da aka adana. Ruwa kuma ya sauka da wuri, iska ta yi nauyi. Idan albasa ta fara ruɓa daga tsakiyar rudu ba a gani, sai dai a ji wari. Kafin a ankara baƙin ruwa ya fara ɗiga daga ƙasan rumfunan yana bin gangare wajen rijiya. Ƙudaje suka cika gidan. Ma'aikaciyar asibiti ta sa aka daina shan ruwan. Yara suka fara amai. Alhaji Lawali kuwa abin da ke gona ma ya tafi, duk abin da ya tara a shekarun baya yana cikin wannan albasar. Ya kwanta ciwo, 'yan'uwansa suka ɗauke shi zuwa Jiga Birni, wayarsa a kashe.

To, idan ba a ga mai kaya ba, dillali ake nema, domin shi kowa ya san inda yake zama. Suka cika motar direban suka same ni a Jega. Malamin jami'a ya yi magana a madadinsu, ba tare da ɗaga murya ba. Ya ce an rubuta za a kwashe. Na ce haka ne. Ya ce ba a rubuta wanda zai kwashe ba idan Alhaji ba ya nan. Na ce shi ma haka ne. Na ce su tafi, gobe ina zuwa.

Na aro amalanken shanun ƙanena daga Fagada, na ɗauki leburori. Bayan lodin farko leburorin suka ce za su je shan ruwa, har yau ban sake ganinsu ba. Na naɗe hanci da rawani na ɗauki shebur. Mahaucin ya tuɓe riga ya ce shi wari ba baƙonsa ba ne, a mayanka ya girma. Ya cusa shebur sau ɗaya, ya je bayan darbejiya ya yi abin da zai yi, ya dawo ya ci gaba. Direban ya shigo, malamin jami'a ma ya naɗe ƙafar wando. Ruɓaɓɓiyar albasa ba ta ɗaukuwa, zamewa take yi, sai an haɗa ta da yashi. Muka riƙa kai ta wani rami a bayan gari. Shanun ma da kyar suke yarda su juyo. Da muka gama muka zuba toka da sabuwar ƙasa, aka yashe rijiya.

Warin bai bar jikina da wuri ba. Matata ta riƙa ajiye mini tufafi a waje. A masallaci liman yana cewa a haɗa sahu, ana haɗawa, ban da gefena.

A shekarar ban sayar da ko taki ɗaya na ƙasa ba. Idan albasa ta faɗi a Aliero, har Jega da Maiyama ake jin ƙarar. Kowa ya zama mai sayarwa, babu mai saye. Ga shi kuma suna ya bi ni, yara suna kirana Bawa Mai Rudu, masu fili suna cewa kada a kira ni, ina zuwa da wari. Na koma fadama ina yankan shinkafa a gonar mutane. Igiyar awona akuya aka ɗaure da ita.

Da kaka Alhaji Lawali ya dawo, ya rame har riga ta yi masa yawa. Masu gidajen suka zauna a gindin darbejiya, aka kira ni. Alhaji ya miƙe tsaye, duk da an ce ya zauna, ya roƙi gafarar kowa da sunansa. Ya ce ya janye daga hayar, karan rudun kuma a raba a yi girki. Ba wanda ya tayar da maganar abin da ya wuce. Sai Malam Isa ya gyara murya ya ce shi dai idan wata rana za a sake gini a kusurwar, a bar masa lungunsa yadda yake, domin tun da aka yi shi bai ƙara karo da babur ɗin kowa ba.

Ya juya wajen da matarsa take zaune cikin mata. "Kuma na san don ni Hassi ta yi gardama. Makaho nike, ba kurma ba."

Inna Hassi ta ce masa ai sai ya yi shiru, ana magana mai muhimmanci.

Ba a sake gina komai a kusurwar ba. Alhaji bai koma yadda yake ba. Ya ci gaba da sayen albasa kaɗan kaɗan, daga baya ya sayar da gida ɗaya cikin biyun, kuma ni ya kira na sayar masa. Wannan cinikin ne ya dawo da ni kasuwa, domin mutane sun ce idan wanda abin ya faɗa wa bai guje ni ba, su ba su da dalili.

Bara waccan Alhaji ya rasu. Na je gaisuwa na tarar an shimfiɗa tabarmi daga bakin ƙofa har kusurwar gabas. Direban ya fitar da motarsa waje, malamin jami'a ya fito da kujerun falonsa gaba ɗaya, mahaucin yana raba ruwa. Inna Hassi da sauran mata sun kafa tukwane daidai inda rudun suka tsaya, amma sun bar jikin bango. Ba wanda ya bi gida gida neman izini, ba wanda ya sa hannu a komai.

Wani baƙo da ke zaune kusa da ni, da alama an gaya masa sana'ata, ya riƙa waige waige yana auna wurin da ido. Can ya matso ya raɗa mini cewa fili mai kyau haka an bar shi a banza, ko zan iya samo masa wancan gefen ya kafa shago.

Na ce masa ya ɗaga hannu, liman ya fara addu'a.